Birkin motata yana dukan ƙafata, bakanike ya ce a zare fiyus ɗin ABS

Abban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema. Wata uku ke nan da na sayi Corolla 'yar Beljiyam, ba ta taɓa tsorata ni ba sai ranar Talata da aka yi ruwan farko. Ina tahowa ta titin Zariya, wajen Na'ibawa, wani mai adaidaita sahu ya yanko gabana ba sigina ba komai, zai ɗauki fasinja. Na danna birki da iya ƙarfina. Wallahi sai na ji fedar tana dukan tafin ƙafata, gir-gir-gir, ga wata ƙara daga gaba kamar ana niƙa tsakuwa. Na tsorata na ɗaga ƙafa, na sake takawa, kafin ta tsaya na ɗan taɓa bayan adaidaitar. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, fitilata ce kawai ta fashe. Na kai wa bakanikena, ya ce ABS, wato na'urar hana taya ƙamewa in an danna birki, shi ne ke kawo wannan, wai ba don hanyoyinmu aka yi shi ba, in bari ya zare fiyus ɗin in huta. Ban amince ba tukuna. Me kuke gani?

Maman Ikram: Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba.

Baba Direba: Allah ya tsare, ɗana. Bakaniken naka bai yi ƙarya ba. Na yi shekara talatin da ɗoriya a kan hanya, daga 504 zuwa J5, Kano zuwa Ikko, Kano zuwa Maiduguri, babu wata kwamfuta da ta taɓa taka mini birki. A ruwa taka-saki ake yi. Ka taka, ka saki, ka taka, ka saki, kana rage giya. Birki na direba ne, ba na waya da fiyus ba.

Injiniya Auwal: Malam Abban Walid, kada ka bari a taɓa fiyus ɗin nan. Wannan dukan da ka ji a ƙafarka shi ne aikin da ka biya kuɗi ka saya. Kuskuren da aka yi a wurin, ka yi haƙuri, ɗaga ƙafar da ka yi ne. Da ka ci gaba da dannewa, mai yiwuwa da fitilarka tana nan.

Abban Walid: Injiniya, to ai ji na yi kamar wani abu zai ɓalle a ƙarƙashin motar. Yi mini bayani yadda zan gane, ni ɗan kasuwa ne.

Injiniya Auwal: To bismillah. Ka tuna muna yara, ka taho a guje a kan keke, ka matse birkin baya, taya ta ƙame, bayan keken ya goce gefe ya bar layi a ƙasa? Shi ne dai abin da ke faruwa da mota. Taya tana riƙe kwalta ne muddin tana juyawa. Da ta daina juyawa ta zama buhun da ake ja a ƙasa. In tayoyin gaba ne suka ƙame, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe motar miƙewa za ta yi inda ta dosa, don taya da ke sulɓi ba ta da wata alƙibla. In na baya ne, gindin motar ya juyo gaba, ka ga mota tana kallon inda ta fito.

Abin mamakin shi ne, riƙo mafi ƙarfi yana nan dab da ƙamewa, lokacin da taya ke juyawa amma ta ɗan gaza gudun motar, kamar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Wannan ɗan siririn wurin ABS yake farauta.

Yadda yake yi kuwa, a kowace taya akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, ga kuma sensa a gefensa tana ƙirga haƙoran da ke wucewa. Ƙirgar nan tana zuwa wata 'yar ƙwaƙwalwa, ita kuma tana kwatanta tayoyin huɗu. Da ta ga gudun ɗaya yana faɗuwa da saurin da mota ba za ta iya tsayawa da shi ba, ta san wannan za ta ƙame. Sai ta rufe bawul ɗin da ke tura man birki zuwa wannan tayar, matsin ya tsaya a inda yake. In bai isa ba, ta buɗe wani bawul ta rage man, tayar ta sami sarari ta ci gaba da juyawa, sannan ta sake matse ta. Man da aka rage, wani ɗan famfo mai lantarki ne yake mayar da shi sama. Ƙarar niƙan da ka ji ta famfon nan ce da bawuloli, dukan kuma man ne da ake turowa baya yana bugun fedar. Yana iya yin wannan har kusan sau 15 a daƙiƙa ɗaya.

Ɗan Fage: Wato dai taka-sakin Baba ne aka koya wa inji 😂

Baba Direba: Ka ji ko? Ashe namu suka sata suka sa wa suna.

Injiniya Auwal: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, dabarar taku ce. Amma bambanci biyu ne. Ƙafar mutum, komai ƙwarewarsa, ba za ta wuce biyu ko uku a daƙiƙa ba. Na biyun ya fi muhimmanci: in kun saki birki, tayoyi huɗu kuka saka gaba ɗaya. A ce tayoyin dama sun sauka gefen hanya a kan yashi, na hagu suna kan kwalta. Ƙafa ɗaya ce, feda ɗaya. Shi kuwa zai sassauta wa ta kan yashi ita kaɗai, ya bar ta kan kwalta tana ci gaba da riƙewa. Wannan ba direban da zai iya, ba don ƙarancin iyawa ba, don ba a ba shi feda huɗu ba.

Shi ya sa a mota mai ABS taka-saki ɓata masa aiki ne. Duk sakin da ka yi, ce masa ka yi an fasa tsayawa.

Baba Direba: Mu dai mun kai fasinja mun dawo da su lafiya, ba mu san bawul ba.

Maman Ikram: Ni abin da ya ba ni haushi, inda na koyi tuƙi ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Ribas da fakin da hawa tudu kawai. Ranar da ta fara yi mini, a kan wani santsi bayan an wanke titi da ruwan kwata, ihu na yi na saki komai. Yarana suna baya suna dariya. Injiniya, wato in ta fara in danne kawai?

Injiniya Auwal: Ki danne, Hajiya, da ƙarfi kamar za ki fasa ƙasan motar, kada ki ɗaga har sai ta tsaya ko hatsarin ya wuce. Kuma ki ci gaba da tuƙi. Nan ne mutane suke asara: an bar musu sitiyari a hannu amma sun daskare suna kallon abin da za su buga. Ki kalli inda kike son bi, ki karkata can a hankali, ba fizga ba. In mai giyar hannu ce ki haɗa da kuloci.

Issoufou na Agadas: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Injiniya ya yi bayani mai kyau amma bayanin kwalta ne. Mu nan da ka bar gari yashi ne da tsakuwa. A kan yashi, taya da ta ƙame tana tona ƙasa, tana tara tudu a gabanta, tudun nan shi ke tsayar da mota. ABS ba ya barin ta ta tona. Sai ka ga ka danne birki, feda na rawa, mota na ta tafiya abinta kamar ba ka ce komai ba. Na taɓa gangarowa wani kwari da Hilux, da kaya a baya, ina ganin ramin, ina dannewa, tana tafiya. Allah ne ya tsayar da ita, ba ABS ba. Don haka masu cewa bai dace da wasu hanyoyi ba ba hauka suke ba.

Baba Direba: Madalla da kai, mutumin Nijar! Ga wanda ya san hanya ya zo.

Injiniya Auwal: Malam Issoufou gaskiya ya faɗa, ba zan ja da shi ba. A kan yashi mai laushi da tsakuwa sako-sako, ABS yana iya ƙara tsawon tsayawa, su kansu masu ƙera motocin suna rubuta haka a littafin mota. A ƙasashen sanyi ma haka yake a kan sabuwar ƙanƙara mai laushi. Shi ya sa motocin daji na zamani suke da tsarin da ke barin taya ta ɗan ƙame ta tona kafin ya sake ta, wasu kuma da ka kulle difa ta baya ABS yake kashe kansa. Amma Abban Walid ba Agadas yake zuwa ba, tsakanin Na'ibawa da Kantin Kwari yake. Kuma ko a burjin, wanda tayarsa ta ƙame ya tsaya da wuri ne in hanya miƙaƙƙiya ce. In a kwana ne, gona zai faɗa.

Issoufou na Agadas: Wannan haka ne. A kwana kam ban da abin cewa.

Oga Sale Rewaya: Ku ba ni wuri in sa baki, don mu ake kawo wa bayan an gama ɓatawa. Abban Walid, tambaya biyu. In ka murɗa makulli, fitilar ABS ɗin nan mai ruwan ɗorawa tana kamawa ta mutu bayan 'yan daƙiƙu? Sannan ban da ranar ruwan nan, tana yi maka wannan rawar a wani lokaci?

Abban Walid: Fitilar tana kamawa ta mutu, Oga. Amma tambayarka ta biyu ta tuna mini. Kwanan nan in na zo tsayawa a ƙofar gida, a hankali sosai, ƙasa a bushe, wani lokaci tana ɗan yin gir ɗin nan sau ɗaya dab da tsayawa. Na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Oga Sale Rewaya: Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. Ba abu ɗaya ba ne. Na ranar ruwa lafiya ce, na ƙofar gida ciwo ne. An taɓa maka ƙafar gaba kwanan nan? Shaf, boris, wani abu?

Abban Walid: An canza shaf na hagu wata guda da ya wuce, yana ƙara in na sha kwana.

Oga Sale Rewaya: To je ka a ɗaga motar a duba zoben da ke kan shaf ɗin. Ko ya tsage, ko haƙori ya karye wajen bugawa da guduma, ko tsatsa da laka sun cika tsakanin haƙoran, ko kuma sensa ba ta zauna daidai ba, ta yi nisa da zoben. Irin tsohuwar sensar nan, in mota na gudu siginarta da ƙarfi, in gudu ya ragu sai ta yi rauni. To in akwai tazara ko tsaga, dab da tsayawa ƙwaƙwalwar sai ta ga kamar tayar ta tsaya cak alhali sauran na juyawa, ta saki birkin wannan ƙafar ba gaira ba dalili. Kuma ba lalle fitila ta kama ba, don a ganinta aikinta take yi.

Wani abin da nake gani kullum: a sayo shaf na wata mota, ya shiga daidai, amma adadin haƙoran zoben ba ɗaya ba ne. Taya ɗaya tana ba da labari daban da 'yan uwanta. Motocin da suka fi sabunta kuma ba su da zoben haƙora, maganaɗisu ne a jikin boris, gefe ɗaya kawai. Yaro ya buga boris a juye, fitila ta kama, a ce wa mai mota ƙwaƙwalwa ta ƙone. Na ga wanda ya sayi famfon ABS sukutum saboda boris da aka juya.

Ɗan Fage: Oga Sale yau ka tona asirin gareji.

Oga Sale Rewaya: Ban gama ba ma. Masu shirin sayen mota ku riƙe wannan. In kun murɗa makulli fitilar ABS ba ta kama ba ko kaɗan, kada ku yi murna. Dole ta kama ta mutu, gwajin kanta take yi. Na buɗe dashbod na tarar an cire ƙwan, na tarar an liƙe shi da baƙin salatif, na tarar an jona wayarsa da ta fitilar mai don su mutu tare in inji ya tashi. Wanda ya yi wannan na ƙarshen kam ya san aiki, Allah ya shirye shi.

Maman Ikram: Oga, ta maigidana fitilar a kunne take tun bara. Ya ce birki na kamawa, ba komai. In bar shi ya ci gaba da kai yara makaranta da ita?

Oga Sale Rewaya: Hajiya, in mai ruwan ɗorawar ce kaɗai, birki na nan yana aiki kamar na tsohuwar mota, ABS ɗin ne ya janye hannunsa. Ranar da ya danna a ruwa taya za ta ƙame. Ya kai a jona mata kwamfuta, za ta faɗi ƙafar da ke da matsala, sau da yawa waya ce ta tsinke ko sensa ta yi datti. Amma in jar fitilar birki ta kama tare da ita, kuma hambirki a sauke yake, kada ya ɗauki yara. Ko man birki ya yi ƙasa, ko tsarin da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya shi ma ya tsaya, don a motoci da yawa akwatin ABS ɗin ne ke wannan rabon. Wannan ma shi ne abin da masu zare fiyus ba sa faɗa wa mutane. Ka zare, tayoyin baya su riƙa ƙamewa kafin na gaba. Wasu motocin har allurar gudu daga sensar taya take karɓa.

Malam Nura Zariya: Ƙarin bayani ga Baba da ya ce an sace musu dabara. A jirgin sama abin ya fara kafuwa, don matuƙin jirgi ba ya jin tayarsa kamar direba, in ta ƙame wajen sauka fashewa take yi. Kamfanin Dunlop na Ingila ya yi wani mai suna Maxaret a shekarun 1950, ba kwamfuta a ciki, duk ƙarfe ne, har aka sa shi a motar Jensen FF a 1966. Chrysler a Amurka ta sa mai lantarki a Imperial a 1971. Wanda ya yaɗu duniya shi ne na Bosch da Mercedes-Benz suka fitar a 1978. BMW ta kai shi kan babur a 1988.

Baba Direba: 1978 ina karen mota a tashar Sabon Gari. Da ni da shi tare muka fara aiki ashe.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Mu masu ƙafa biyu ai mu muka fi buƙatarsa. Mota in tayar gaba ta ƙame miƙewa take, babur kuwa ƙasa kai tsaye. Shi ya sa yawancinmu tsoron birkin gaba muke, sai na baya, alhali ƙarfin tsayawa a gaba yake. Indiya inda ake kawo mana baburan nan, tun 2019 doka ta tilasta ABS a kan duk sabon babur da ya haura 125cc. Ƙananan kuma a haɗa musu birkin gaba da baya. Mu dai har yau dirom ne da addu'a.

Baba Direba: Duk na ji ku. Amma bari in faɗa muku abin da idona ya gani. Tun da motocin nan masu kwamfuta suka zo, yara suka daina ba da tazara. Yana bin bayan tirela kamar an ɗaura shi, ka yi magana ya ce motarsa na da ABS. Mu da muka san birkinmu ba shi da tabbas, tun daga nesa muke fara lissafi.

Injiniya Auwal: Nan kam Baba na ba ku gaskiya ɗari bisa ɗari. An ma taɓa gwada haka da direbobin tasi a birnin Munik na Jamus, wasu motocin da ABS wasu babu, aka tarar masu shi sun ƙara ganganci a tuƙi, har ribar ta tafi. Lissafin ba ya canzawa don an sa sensa. A gudun kilomita 100, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafarka ta isa feda. In ka ninka gudu, tsawon birki ninki huɗu yake yi. Kuma ABS ba ya ƙirƙiro riƙo, wanda taya take da shi yake lallaɓawa. Taya ta suɗe kamar tafin hannu, ka sa ta a ruwan farko da ya taso da mai da ƙurar wata shida a kan kwalta, me zai lallaɓa?

Oga Sale Rewaya: Tunda an zo kan taya: lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT da ke gefenta su ne lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Kuma kada a sa babba a ƙafa ɗaya ƙarama a ɗaya, ƙaramar ta fi saurin juyawa, ƙwaƙwalwar rikicewa take. Man birki ma shan ruwa yake daga iska, a riƙa zubar da shi a sa sabo kamar duk shekara biyu. Mu nan sai ya koma kalar shayi ba madara ake tunawa da shi, alhali bawulolin nan ƙofofinsu ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ya ishe su.

Ɗan Fage: Nawa ya wuce shayi, ya kai kofi.

Abban Walid: 'Yan uwa na dawo da rahoto. Jiya na kai ta wani garejin aka ɗaga. Oga Sale, kamar kana wurin. Zoben shaf na hagu a tsage yake, tsagar kamar gashi, sai da yaron ya goge da fetur ya haska fitilar waya muka gan ta, har yana juyawa da hannu a kan shaf ɗin. An samo wani a Ƙofar Ruwa, na tsaya a kansu muka ƙirga haƙoran tsoho da sabo ɗaya bayan ɗaya, suna ta yi mini dariya. Na ƙofar gida ya daina.

Yau bayan asuba kuma na tafi wani miƙaƙƙen titi da ba kowa, na kai 40 na danne. Karo na farko wallahi ƙafata da kanta ta ɗaga, duk da na san abin da zai faru. Sai a na uku na iya riƙewa har ta tsaya. Robar ruwan da ke kujerar baya ta zo ta same ni a gaba.

Maman Ikram: Ma sha Allah. Ni ma ranar Asabar zan gwada, ba da yara ba.

Injiniya Auwal: A duba madubi tukuna, Hajiya, a tabbata ba kowa a baya, a kuma ɗaura bel.

Baba Direba: Allah ya sa alheri, ɗana. Ni dai 504 ɗina tana nan a rumfa, duk mai son koyon taka-saki ya zo da man lita biyar.

Oga Sale Rewaya: Abban Walid, tsohon zoben kada ka yar. Kawo mini in rataye a gareji, akwai yaran da nake son nuna wa.